Abin da Balkisa ta ƙi sa wa ƙafar Baba

Shekara bakwai ke nan cif da rasuwar ƙanwata Balkisa. A gidanmu na Malanville ba a yin wani taro don wannan rana. Inna takan sa a dafa shinkafa a kai masallacin unguwa, ni kuma in buɗe rumfata ta albasa kamar kullum. Bana dai na ga ya kamata in rubuta, domin akwai wani zance game da ita da ke yawo a kasuwa har yau, ana ba da shi ba yadda ya faru ba. Ana cewa ta yi karatun magani a ƙasar Turawa, ta zo da maganin a jakarta, ta hana ubanta har aka yanke masa ƙafa. Daga bakina wannan zance ya fara fita, saboda haka ni ya kamata in gyara shi.

Mu biyar Inna ta haifa. Ni ne babba, Balkisa ce auta, tsakaninmu shekara goma sha ɗaya. Baba ɗan kasuwa ne, albasa yake saro wa daga hayin Gaya, ƙetaren kogin da ke kan iyaka, ya loda wa masu kamyo, manyan motocin kaya, su yi kudu da ita. Ni ban yi nisa a lakol, wato makarantar boko, ba, na bar aji na bi shi rumfa. Balkisa kuwa tun tana ƙarama an san ba ta kasuwa ba ce. Yarinya ce mai yawan tambaya, irin wadda za ta tsare ka sai ka gaya mata dalilin da ya sa albasa ke sa hawaye, in ka ce haka Allah ya yi ta, ta ce ta sani, amma ta wace hanya ya yi. Baba yakan yi dariya ya ce a bar masa ita. Ta gama a nan, ta tafi Kwatano ta karanci ilmin haɗa sinadarai, daga can ta samu tallafin karatu zuwa Faransa. Ni na raka ta tashar mota, ni na ɗaura mata akwati.

Mun daɗe ba mu fahimci aikin da take yi ba. Inna tana gaya wa maƙwabta cewa 'yarta likita ce. Wani hutu da ta zo, muna zaune a tsakar gida bayan la'asar, na tambaye ta.

"Wai ke, lokotoro ce ko mi?"

"A'a, Yaya. Ni ba ni duba maras lahiya. Abin da lokotoro za shi yi aiki da shi nika ƙoƙarin yi."

Ta yi mini bayani yadda zan gane. Ta ce akwai wani abu da suke kira polima, dangin roba ne, amma ana iya yin sa da laushi kamar soso, ya sha ruwa, ya zauna a kan rauni. Matsalarsa ita ce jiki ba ya karɓar baƙon abu. In ka ɗora roba a kan ciwo, nama ba ya kama ta, rufe ciwon kawai take yi. To akwai wasu 'yan guntayen furotin, ƙanana ƙwarai, ana ce musu peptid, irin waɗanda naman mutum ya riga ya saba da su. Aikinta shi ne ta liƙa waɗannan guntaye a jikin sosan, yadda ƙwayoyin nama za su same su, su kama, su bi ta ciki suna yaɗuwa har raunin ya haɗe. Ta ce an fi bukatarsa ga gyambon da ya ƙi warkewa da kuma ƙuna. Na ce mata in dai haka ne ai ta gama da duniya. Ta ce ko kusa, tukuna a kan ɓeraye ake gwadawa. Muka yi dariya, Baba ya fi kowa, yana cewa ya kai 'yarsa Turai ta zama mai jinyar ɓera.

Baba yana da ciwon sukari, ya kai shekara goma da shi. Yana shan magani in ya tuna. Yana da 'yar gonar shinkafa a wajen Madekali, wadda yake zuwa dubawa a babur ranar da ba kasuwa. A can ne tsinken kara ya soke shi a tafin ƙafar hagu. Bai ji ba, domin ciwon ya riga ya kashe masa jin ƙafa. Sai da Inna ta ga jini a takalminsa aka sani. Da farko ya barbaɗa garin magani da wani abokinsa ya ba shi. Da bai yi ba, muka riƙa kai shi asibitin gari ana wankewa ana naɗewa. Sun ce ya daina taka ƙafar, shi kuwa kullum yana rumfa, ya ce albasa ba ta jira. Wata ya wuce, na biyu ya wuce, ramin yana ƙara zurfi. Aka ce mu wuce da shi babban asibiti, ya ƙi.

Ya kuma kafa mana doka: kada wanda ya gaya wa Balkisa. Ya ce tana kan rubuta littafin kammala karatunta, ba ya son a raba mata hankali. Duk Juma'a takan kira, in karɓi wayar in ce kowa lafiya. Wata huɗu ina faɗin haka. Wannan ɓangaren ban taɓa ba da shi a kasuwa ba.

Da damina Balkisa ta zo. An gayyace ta wani taron masana a Kwatano, ta ce ba za ta koma ba sai ta ga gida. Ta sauka da murnarta, ta buɗe jaka ta fito da tsaraba, sannan ta ciro wasu 'yan ledoji shida a liƙe, kowace da wani farin abu a ciki mai faɗin akwatin ashana, sakayau kamar auduga. Su ta kai taron ta nuna. Ta miƙa wa Baba ɗaya, ta ce ga abin da ta yi shekara biyar tana yi. Baba ya juya shi a hannu, ya ɗaga shi a haske, ya sa mata albarka. A lokacin ƙafar tana ƙarƙashin babbar rigarsa. Amma warin ba ya ɓoyuwa. Na ga sanda ta ji shi, na ga fuskarta ta canja. Ta durƙusa ta ɗaga rigar da kanta, ta kwance ƙyallen. Ta daɗe tana kallo. Sannan ta ɗago ta dube ni, ba ta dubi kowa ba sai ni.

Washegari da hantsi na same ta a zaure tana neman motar da za ta kai mu babban asibitin Paraku. Ni kuwa na kwana da tunani ɗaya.

"Balkisa, abin ga da kinka zo da shi, ba na gyambo ba ne?"

"Na gyambo ne."

"To ga gyambo cikin gida. Ki sa mai."

"Yaya, ba a taɓa sa ma mutum shi ba. Ko guda."

"Sai Baba shi zam na farko."

"Ba ni yin gwaji da ubana."

Ta yi ƙoƙarin yi mini bayani. Ta ce waɗannan na nuni ne, ba a tsabtace su yadda ake tsabtace abin da zai taɓa jinin mutum ba. Ta ce ciwon Baba ya ruɓe, tana jin ya kai ƙashi, in aka rufe shi da wannan abu, ruɓar za a kulle a ciki. Ta ce abin da ƙafar ke bukata shi ne likitan fiɗa, yau ba gobe ba. Ban saurare ta ba. Abin da nake gani kawai shi ne ga magani a ɗaki, ga ubanmu yana ruɓewa, ga wadda muka yi wa wahala tana jero mini dalilai. Na ɗaga murya har mata suka leƙo. Na ce mata ɓerayen Turawa sun fi ubanta daraja a wurinta. Ba ta yi kuka a gabana ba.

Baba ya ji komai daga ɗakinsa. Ya kira mu, ya ce, "Ka bar ta. Ita ta san abinta, kai ba ka san shi ba. Tunda ta ce a tahi, a tahi." Wata huɗu muna roƙonsa ya ƙi, ita da yini ɗaya ya yarda.

Kafin motar ta iso, sanda Balkisa ta shiga wanka, na shiga ɗakin Inna inda ta sauka na bincike jakarta. Niyyata in ɗauki ko guda biyu in sa masa da kaina. Ban sami ko ɗaya ba. Na ce a raina ta ɓoye su ne don kada aikinta ya lalace.

A Paraku likitoci sun yi abin da za su iya. Sun duba suka ce ƙafar ba ta cetuwa, aka yanke ta ƙasa da gwiwa. Balkisa ta ɗage komawarta, ita ke kwana da shi, ita ke yi masa alwala. Ya ɗan farfaɗo har ya fara tambayar farashin albasa. Daga baya zazzaɓi ya dawo, aka ce ruɓar ta riga ta shiga jini. Bayan mako biyar ya rasu, ranar wata Talata da azahar. Muka dawo da shi gida muka binne.

A zaman makoki ne na fara. Wani dattijo daga cikin abokan Baba ya tambaye ni, ba 'yarku ta yi karatun wannan ciwon ba? Na ce ta yi, har maganin ta zo da shi, ta hana. Magana ɗaya ce, a gaban mutum biyar ko shida. Kafin sadakar bakwai maganar ta zaga kasuwa, ta haye Gaya. Balkisa ta ji. Ba ta kare kanta wurin kowa ba, kuma ba ta gaya wa kowa cewa wata huɗu na yi ina ce mata lafiya lau ba.

Shekara uku muka yi a haka. In ta kira Inna ranar Juma'a, sai in tashi in fita. Ta gama karatu ta ƙi zama can, ta dawo ta kama koyarwa a wata jami'a a kudu. Da ta samu miji, wani malami ɗan'uwan aikinta, mutumin kirki, ni na ba da ita, domin ni ne a madadin Baba. Na yi duk abin da ya wajaba, ba wanda zai ce na rage wani abu, amma ban zauna da ita minti biyar ba.

Ganina da ita na ƙarshe a rumfata ne. Ta zo gida da tsohon ciki don ta ga Inna. Ranar kasuwa ce, ta ratso cikin turmutsutsun 'yan dako da masu babur ta iso, ta zauna a kan wani buhu. Ta gaishe ni na amsa. Can ta ce, "Yaya, har yanzu?" Na ce mata ta ga ina da mutane. Gaskiya ne akwai mutane, amma ba waɗanda ba za su iya jira ba. Ta zauna kusan awa guda tana kallona ina awo. Da ta ga ba ni da niyya, ta dafa buhun ta miƙe da ƙyar, ta ce in riƙa auna sukarina, ciwon yana bin jini. Na ce to. A raina na riga na yanke cewa ranar suna zan je, in ɗauki jaririn, a wuce wurin ba sai an yi dogon zance ba. Na ɗauka lokacin yana hannuna.

Ta haifi mace. Kwana huɗu bayan haihuwar numfashi ya sarƙe mata da safe, kafin azahar ta rasu. Likitoci sun ce gudan jini ne ya toshe mata huhu. Na kama mota daga nan, muka bi ta Kandi da Paraku, yini guda cur muna tafiya. Ko da na isa an riga an binne ta. Mijinta ya kai ni ya nuna mini ƙasar, ɗanya.

Bayan mun dawo, ranar sadakar arba'in, mutane sun watse, Inna ta kira ni ɗakinta. Ta ce akwai abin da Balkisa ta hana ta faɗa, amma yanzu ba wanda za ta saɓa wa. Ta ce ranar nan da muka yi faɗa a zaure, Balkisa ta shigo madafa ta same ta tana hura wuta, ta miƙa mata ledojin nan shida ta ce ta jefa a murhu. Inna ta ce mata ba aikinki na shekara biyar ba ne? Sai ta ce, "Inna, ki ƙone su. In suna nan, kahin maraice ni da kaina zan sa mai. Ina jin tsoron kaina." Inna ta ce Balkisa tana tsaye har suka narke, sannan ta zauna a ƙasa ta yi kukan da ba ta yi a gabana ba.

Ban san abin da na ce wa Inna ba. Na dai san na daɗe ban iya shiga madafar nan ba.

Shekara uku da suka wuce aka tabbatar mini ni ma ina da ciwon sukari. Tun daga nan tambayar ta dawo mini da ƙarfi, har na roƙi mijin Balkisa ya haɗa ni da wata da suka yi aiki tare a Faransa, wata baiwar Allah 'yar Senegal. Da ɗan Faransancina na lakol na tambaye ta kai tsaye: da an sa wa Baba abin nan, da ya tashi? Na so ta ce mini a'a, in huta. Ba ta ce ba. Ta ce ita dai ba za ta ɗora shi a kan raunin da ya ruɓe ba, kuma ba ta san mai hankalin da zai ɗora ba, amma ba za ta rantse mini a kan abin da ba a gwada ba. Ta ce Balkisa ma ba ta sani ba, kuma da wannan rashin sanin ta rayu. Sannan ta gaya mini abin da ban sani ba. Ta ce da Balkisa ta koma bayan rasuwar Baba, ta juya akalar aikinta. Ta koma neman irin guntayen furotin ɗin da ke kashe ƙwayoyin cuta, don a liƙa su tare da na farko, domin ta ce raunukan garinsu ba sa zuwa asibiti sai sun lalace. Ta kuma dage sai an nemi yadda abin zai jure zafi ba tare da firiji ba. Ta ce har yau akwai masu bin wannan hanya, an canja abubuwa da yawa, kuma har yanzu da sauran tafiya kafin ya kai hannun likita.

Nakan tambayi kaina me za ta ce in ta ga Malanville ta yau. Gadar da muka taso muna ganin kamyo jere a kanta ta yi shiru tun da aka rufe iyaka. Mutanen Gaya a jirgin ruwa suke hayowa, har da marasa lafiya, ana tallabo su a sauke a bakin gaɓa. Kasuwar albasa ba kamar da ba. Ina jin wannan duka zai dame ta, amma abin da zai fi ɓata mata rai shi ne har yau dattawan layinmu suna ɓoye ƙafa a ƙarƙashin riga. Da na je Kwatano ganin likita na ga irin sababbin abubuwan rufe rauni a wani babban kantin magani, masu laushi, a liƙe cikin leda. Na tsaya ina kallonsu har mai kantin ya tambaye ni ko lafiya. Ba irin nata ba ne, ya ce, kuma da na ji tsadarsu na san ba na mai gona a Madekali ba ne. Na san tambayar da za ta fara yi ke nan: wa zai iya saye? Ba za ta yi murna da wuri ba. Ba ta taɓa yarda a ce an gama abin da ba a gama ba.

Ni abin da na iya kaɗan ne. Kowace safiya ina duba tafin ƙafata kafin in sa takalmi. In na ga wani a kasuwa yana ɗingishi, ina tsare shi sai ya cire takalmin na gani, wasu su ji haushi, wasu su yi dariya. Cikin azumin da ya wuce na tilasta wa wani mai sayar da barkono daga Gene ya wuce asibiti da ramin da bai kai kan yatsa ba. Yana nan da ƙafafunsa biyu, kuma har yau yana cewa na cika shisshigi.

In aka auna abin da Balkisa ta bari da ma'aunin kasuwa, ba shi da yawa. Ba magani mai sunanta, ba gida, ba mota. Akwai littafin kammala karatunta a akwatin Inna, wanda ba mai iya karanta shi a gidanmu. Akwai aikin da wasu ke ci gaba da shi a inda ba za mu taɓa zuwa ba. Ban san ko wata rana zai iso bakin kogin nan ba, ban kuma san ko zan kai lokacin ba. Abin da na sani shi ne, ranar da kowa a gidan yake son ta yi abin da zai sanyaya mana rai, ita kaɗai ta tsaya a kan iyakar abin da ta sani, alhali ta fi mu duka son ta ƙetare ta. Ta biya wannan da sunanta a garinsu, da kuma yayanta. Waɗanda suka ji zancen daga bakina, ga gyaransa. Waɗanda suka kai shi gaba, ina roƙonsu su kai wannan ma. Allah ya jiƙanta, ya jiƙan Baba, ya haɗa su a inda ba ciwo.

'Yar da ta bari an sa mata sunan uwarta, muna kiranta Ƙarama. Tana wurin ubanta, amma yana kawo mana ita duk dogon hutu. Bana ta cika shekara bakwai, ta kai lokacin tambaya. Ran nan ta biyo ni rumfa, tana zaune tana ɓare bawon albasa, sai ta ce wata mata a layin masu tumatir ta gaya mata uwarta mai taurin kai ce, ba ta jin maganar kowa.

"Kawu, gaskiya ne? Mamana tana da hwaɗa?"

Na ajiye mudun da ke hannuna. Akwai masu saye biyu a tsaye, na ce su ɗan jira.

"A'a," na ce mata. "Ni ne mai hwaɗan. Matso in gaya miki."